Filin Tambaya da Amsa: Tallafin Karatu Mai Sharaɗin Koyarwa

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa domin duk sun taɓo batu guda, wato tallafin karatun da ake bai wa ɗaliban kimiyya da lissafi bisa alkawarin za su koyar a makarantun da ke fama da ƙarancin malamai. Biyu sun zo daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka, inda wannan tsari ya daɗe da kafuwa, biyu kuma daga nan gida. Mun taƙaita wasiƙun kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan asalin Kano ne, ina zaune da iyalina a jihar Teksas. 'Yata tana shekara ta biyu a jami'a tana karanta kemistiri, kuma wata malamarta ta ba ta shawarar neman tallafin da ake kira Noyce, wanda aka ce na masu son zama malaman makaranta ne. Mu kuwa burinmu ta zama mai harhaɗa magunguna. Don Allah a yi mana bayanin wannan tallafi, a kuma ba mu shawara. Daga wani magidanci a Teksas.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa karatun yarinya albarka. Shirin da aka faɗa mata na gaskiya ne, na gwamnatin tarayyar Amurka ne, kuma Hukumar Kimiyya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NSF, ita ce ke tafiyar da shi. Majalisar dokokin ƙasar ce ta kafa shi a 2002, ta kuma faɗaɗa shi a 2007. An sa masa sunan Robert Noyce, masanin fiziks da ya rasu a 1990, wanda yana cikin mutum biyun da ake dangantawa da ƙirƙiro ɗan guntun nan da ake shimfiɗa hanyoyin lantarki masu ɗimbin yawa a kansa, wanda da shi kwamfuta da wayar hannu ke aiki, kuma shi ne ya kafa kamfanin Intel tare da Gordon Moore a 1968.

Hukumar ba ta miƙa wa ɗalibi kuɗi hannu da hannu. Jami'a ce ke neman tallafin, sashenta na kimiyya ko lissafi da sashenta na horar da malamai su haɗa kai da gundumomin ilimi na yankinsu su rubuta takardar nema, idan an amince musu sai jami'ar ta zaɓi ɗalibanta da kanta. Saboda haka ba kowace jami'a ce ke da shi ba, kuma wadda take da shi bana ba lalle ne ta kasance da shi baɗi ba, domin kowane tallafi yana da wa'adinsa. Ɗalibin da ake nema shi ne wanda yake karanta kimiyya, ko lissafi, ko injiniya, ko ilimin kwamfuta, wanda ya kai shekara biyun ƙarshe na digirin farko, kuma ɗan ƙasa ne ko mai takardar zama ta dindindin. Ana ba shi aƙalla dala 10,000 a shekara, muddin bai wuce abin da karatun ke ci ba, yawanci na shekara biyu, wani lokaci har uku idan akwai ƙarin shekarar neman takardar shaidar malanta.

Sai sharaɗin, wanda shi ne ya kamata ku zauna da ita ku karanta tsaf. Kowace shekara guda ta tallafi, bakin koyarwar shekara biyu ce a gundumar da hukuma ta amince tana da tsananin buƙata, kuma dole a kammala wannan hidima cikin shekara takwas bayan gama karatu. Idan 'yarka ta karɓi tallafin shekara biyu, wato aƙalla dala 20,000, to ta ɗaure kanta da shekara huɗu a cikin aji. Yarjejeniya ce da ake sa wa hannu, gwamnati ta biya kuɗin karatu, ɗalibi ya biya da shekarun ƙuruciyarsa, kuma duk wanda ya ɗauke ta a matsayin alheri kawai yakan sha mamaki daga baya.

Gunduma tana shiga wannan sahu ne idan tana da makarantar da yawancin ɗalibanta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, ko makarantar da malamanta na sakandare da yawa ke koyar da darasin da ba shi suka karanta ba, ko kuma wadda malamai ba sa daɗewa a cikinta. Wani zai yi mamakin yadda ake samun irin wannan a ƙasa mai arzikin Amurka, amma dalilin a fili yake ga duk wanda ya zauna can: kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidaje da filaye na yankin yake fitowa, sauran daga jiha, na gwamnatin tarayya kuwa ɗan kaɗan ne. Unguwar da gidajenta ke da tsada takan sami ɗakin gwaje-gwaje mai kyau da malamin da ya ƙware, unguwar talakawa a tsakiyar birni da ƙauyukan da ke nesa kuwa sukan wayi gari malamin bayoloji ne ke riƙe da ajin fiziks. Ba a tura mai tallafin wata makaranta dole. Galibi shi ne ke neman aikinsa da kansa, ya tabbatar gundumar ta cika sharaɗi, kuma a jiha kamar Teksas irin waɗannan gundumomi suna da yawa, a birni da karkara.

Damuwar Amurka kan malaman kimiyya ba ta yau ba ce. Tun da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a 1957 hankalinsu ya tashi, har suka yi dokar 1958 da ta ba ɗalibai rance tare da yafe wa wanda ya koyar a makarantar gwamnati har rabin bashinsa. A 2005 manyan cibiyoyin kimiyya na ƙasar suka ba da shawarar a riƙa samar da sabbin malaman kimiyya da lissafi 10,000 duk shekara ta hanyar tallafin karatu, a 2011 kuma Shugaba Barack Obama ya yi kira da a horar da 100,000 cikin shekara goma. Duk da haka giɓin bai toshe ba, kuma binciken Richard Ingersoll na Jami'ar Fensilbaniya ya nuna dalili: yawan waɗanda ake horarwa ba shi ne babbar matsalar ba, matsalar ita ce barin aiki, domin fiye da kashi 40 cikin 100 na sabbin malamai kan bar koyarwa cikin shekara biyar na farko, kuma abin ya fi tsanani a makarantun talakawa. Lamarin ya zama tamkar zuba ruwa a tulu mai huji. Shi ya sa shirye-shiryen Noyce masu kyau ba sa tsayawa ga biyan kuɗi, sukan haɗa ɗalibi da gogaggen malami, su kuma ci gaba da bibiyarsa a shekarunsa na farko a bakin aiki, lokacin da sabon malami ya fi saurin karaya.

Shawarata, Alhaji, ita ce kada kuɗin ya zama shi ne zai yanke hukunci. Matsakaicin albashin sabon malami a Amurka bai kai dala 50,000 a shekara ba, mai harhaɗa magunguna kuwa yakan sami ninkin wannan har da ɗoriya, don haka ta fuskar lissafi kawai dala 20,000 ba za su cike bambancin ba. Abin tambaya shi ne ko ita yarinyar tana son koyarwa, kuma akwai hanyar gwadawa ba tare da sa hannu a kan komai ba. A Jami'ar Teksas da ke Ostin aka fara shirin UTeach a 1997, wanda jami'o'i da dama suka kwaikwaya, inda ɗalibin kimiyya ke ɗaukar ƙaramin kwas da zai kai shi aji ya koyar da yara tun da wuri, ya ji ko aikin ya dace da shi, sannan ya iya fita da digirinsa na kimiyya cikakke haɗe da shaidar malanta. Ta nemi irin wannan kwas a jami'arta kafin shekara ta uku. Idan ta fito daga aji tana ɗokin komawa, ina roƙonka ka ba ta goyon baya, domin yarinya Bahaushiya mai digirin kemistiri a gaban ajin 'ya'yan talakawa da 'ya'yan baƙin haure abin alfahari ce, ba koma baya ba. Ta kuma tambayi shugaban shirin a jami'ar, a rubuce, ko kuɗin shekarunta biyu sun tabbata, saboda a 2025 hukumar NSF ta soke ɗaruruwan tallafin da ta riga ta bayar, da yawa daga cikinsu a ɓangaren ilimi.

Tambaya: Salamu alaikum. Ƙanina yana karanta lissafi a nan jihar Merilan, yana kuma son neman irin wannan tallafi, amma an gaya mini cewa idan mutum bai koyar ba sai kuɗin ya rikiɗe ya zama bashi mai ruwa. Shin haka ne? Hankalina bai kwanta ba. Daga wata 'yar'uwa a Merilan.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da aka gaya miki gaskiya ne, kuma kin kyauta da kika tambaya tun kafin a sa hannu. A tsarin Noyce, wanda ya bar karatun, ko aka kore shi, ko ya gama amma bai cika hidimar ba, zai mayar da kuɗin, ko kuma a mai da su rancen gwamnatin tarayya irin wanda ake ɗora wa ruwa. Idan bai kai shekara guda yana koyarwa ba, duka zai biya. Idan ya wuce shekara guda, ana rage masa gwargwadon abin da ya yi, ta yadda wanda ya yi shekara biyu cikin huɗu rabi ne ya rage a kansa. Jami'ar da ta ba shi ita ce ke bibiyar inda yake aiki, ita ce kuma ke karɓar kuɗin idan ya saɓa, sannan doka ta bar ƙofar ɗage wa'adi ko yafewa ga wanda ya shiga matsanancin hali.

Akwai wani tallafin da ake yawan rikita shi da wannan, mai suna TEACH, wanda ke hannun Ma'aikatar Ilimi, kuma shi ne ya fi cancantar a yi taka-tsantsan da shi. An kafa shi da dokar 2007, yana ba da har dala 4,000 a shekara, bisa sharaɗin koyar da darasin da ake ƙarancin malamansa, kamar lissafi da kimiyya, na shekara huɗu cikin takwas a makarantar masu ƙaramin ƙarfi. A wannan tsari babu ragi. Wanda ya yi shekara uku ya tsaya, duk kuɗin ne zai koma bashi, kuma ana ƙirga masa ruwa tun daga ranar da aka biya shi kowane kaso, ba daga ranar da ya saɓa ba. Wani nazari da ma'aikatar da kanta ta fitar a 2018 ya nuna cewa fiye da rabin waɗanda suka karɓa a shekarun farko tallafinsu ya koma bashi. Abin takaicin shi ne a cikinsu akwai malaman da ke cikin aji suna cika alkawari, laifinsu kawai takardar shaidar shekara-shekara ta makara ko an sami kuskure wajen cika ta. Sai da 'yan jarida suka tono lamarin kafin ma'aikatar ta amince ta sake duba irin waɗannan, daga baya kuma aka sassauta ƙa'idar takardun.

Darasin da ƙaninki zai ɗauka daga nan na aiki ne. Kafin ya karɓi aiki a kowace makaranta, ya sami tabbaci a rubuce daga shugaban shirin cewa gundumar tana cikin waɗanda ake ƙirgawa, domin shekara guda a makarantar da ba ta cikin sahu ba ta rage masa komai. Ya ajiye takardar ɗaukarsa aiki ta kowace shekara da sa hannun shugaban makaranta. Ya kuma san cewa digiri kaɗai bai isa ba, sai ya ci jarrabawar shaidar malanta ta jihar da zai yi aiki, tunda kowace jiha ita ke ba da lasisin malamanta, kuma jinkirin samun lasisi yana cin wa'adin shekara takwas ɗin nan a hankali ba tare da mutum ya ankara ba.

Game da hukuncin shiga yarjejeniyar da ke da sharaɗin ruwa idan an saɓa, wannan fatawa ce, kuma malaman fiƙihu da suka san halin zaman ƙasar su ne za ku kai wa takardar su karanta da idonsu. Abin da zan iya cewa shi ne wanda ya cika hidimarsa ba ya biyan ko sisi, na uwa ko na ruwa, wanda kuma ya ga ba zai iya ba yana da damar tambayar jami'a yadda zai mayar da kuɗin nan take kafin su zama rance. Alkawari kaya ne, kuma idan ƙaninki yana da shakkar zai iya jure shekara huɗu a aji, ya fi masa sauƙi ya bar tallafin tun yanzu.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, ina karanta fiziks a nan Zariya. Na ga tallan wannan tallafi na Amurka a Facebook, wani kuma ya ce zai cika mini takardu idan na biya shi. Shin zan iya nema daga Najeriya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗana, kada ka ba shi ko kwabo. Ba za ka iya neman Noyce ba, haka ma TEACH ba na ɗalibin da ya shiga ƙasar da bizar karatu ba ne, balle wanda yake gida bai tafi ba. An yi su ne don makarantun Amurka, da kuɗin harajin Amurkawa, ga 'yan ƙasa da masu zama na dindindin. Ba a neman Noyce ta hannun dillali, ba a kuma biyan kuɗin fom, tunda sai ɗalibin jami'ar da ke da shirin ne ke nema a cikin jami'arsa. Wanda ya yi maka wannan tayi ɗan damfara ne.

Inda aka buɗe wa baƙi ƙofa shi ne Ingila, kuma darasinka na cikin waɗanda abin ya shafa. Saboda tsananin ƙarancin malaman fiziks, tun daga shekarar karatu ta 2023 gwamnatinsu ta amince wa waɗanda ba 'yan ƙasa ba su sami tallafin horon malanta a fiziks da harsunan waje, inda na fiziks ya kai fam 29,000 a shekarar karatu ta 2025. Sai dai ɗalibin waje yana biyan kuɗin makaranta mai yawa daga cikin wannan, yana buƙatar makarantar da za ta tsaya masa wajen biza, kuma ƙa'idojin suna sauyawa duk shekara, don haka shafin gwamnatin Birtaniya ne kaɗai abin dogaro. Ba zan hana ka nema ba, haƙƙinka ne. Amma ka sani cewa ƙarancin da ya sa Ingila take neman irinka ya fi tsanani a makarantun da ke kewaye da Zariya, kuma wasiƙar da ke biye ta shafe ka.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi shekaru ina shugabantar makarantun sakandare a karkara kafin na yi ritaya, kuma sau da yawa na riƙe makarantar da ba ta da malamin fiziks ko na kemistiri sai ɗan bautar ƙasa. Me zai hana a yi irin wannan tsari a jihohinmu? Daga wani tsohon shugaban makaranta a jihar Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ranka ya daɗe. Allah ya saka da alheri bisa hidimar da aka yi. Halin da ka bayyana sananne ne ga duk wanda ya taɓa leƙa makarantar jeka-ka-dawo a ƙauye: ɗan bautar ƙasa ya zo, yara su fara sabawa da shi, shekara ta zagayo ya tattara kayansa, ajin da zai zauna jarrabawar WAEC ya koma hannun wanda bai karanci darasin ba. Daga can tushe ma abin ya karkace, domin mafi ƙarancin makin JAMB da ake amincewa da shi na shiga kwalejin ilimi ya kasance 100 cikin 400 a 'yan shekarun nan, ƙasa da na jami'a, wanda hakan ke nuna wa yaro mai hazaƙar lissafi cewa malanta ba wurinsa ba ce.

Ba za a ce ba a taɓa gwadawa ba, har ma a jiharka. A 2008 aka fara shirin tallafa wa 'yan mata na karkara su yi karatun NCE a jihohin Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato, daga baya Zamfara ta shiga, ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF da gwamnatin Birtaniya suka tallafa, tare da gudummawar jihohi da ƙananan hukumomi. Sharaɗinsa shi ne yarinya ta koma yankinsu ta koyar na shekara biyu. Shirin ba na kimiyya kaɗai ba ne, amma ginshiƙinsa ɗaya da na Noyce, har ma ya fi shi wata dabara, wato zaɓo ɗaliba daga garin da ake buƙatarta, tunda 'yar gari ba ta neman canjin wurin aiki zuwa birni kamar yadda baƙuwa ke yi. Nazarin da aka yi a kansa ya nuna inda aka sami tangarɗa: alawus yana makara, ɗalibai da yawa sun shiga kwaleji da raunin karatu ba a kuma ba su taimakon da ya dace ba har suka kasa gamawa a kan lokaci, sannan wasu da suka gama sun zauna a gida suna jiran a ɗauke su aiki. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ci mini rai, domin an kashe kuɗi an horar da malama, makarantar garinsu tana neman malami, amma takardar ɗaukar aiki ta gagara.

A matakin tarayya kuma, ranar 5 ga Oktoban 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da sabon tsarin albashin malamai, da alawus na masu aiki a karkara da na malaman kimiyya, da tallafi ga ɗaliban fannin ilimi. A 2021 aka bayyana adadin tallafin, naira 75,000 kowane zango ga masu digirin ilimi a jami'o'in gwamnati, da naira 50,000 ga masu NCE. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, ya zama doka a 2022. Sai dai kamar yadda ka fi ni sani, mafi yawan malaman sakandaren gwamnati ma'aikatan jihohi ne, na firamare kuma albashinsu daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, don haka sanarwar Abuja ba ta sa ko naira ɗaya a aljihun malamin Malumfashi ko na Dutsin-Ma sai gwamnatin jiha ta ɗauka ta sa a kasafinta.

A ganina jiha ce ya kamata ta yi wannan tsari, kuma ba sai ta jira kowa ba. Abin da za ta ara daga Amurka shi ne neman ɗalibin da ya riga ya yi nisa a digirin fiziks ko kemistiri ko lissafi, wanda an ga ƙoƙarinsa, a ɗauke masa nauyin shekara biyun ƙarshe tare da horon koyarwa da rajistar hukumar TRCN mai ba malamai lasisi, maimakon a raba ɗan kuɗi kaɗan ga dubban mutane ba tare da sharaɗi ba. Daga Ingila kuma akwai abin dubawa, domin su tallafin horonsu ba ya ɗaure mutum da hidima, sai suka ƙara da wani biyan na daban, har fam 6,000 a shekara, ga malaman lissafi da fiziks da kemistiri da kwamfuta da ke cikin shekara biyar na farkon aiki a makarantun marasa galihu. Wato wani kaso na kuɗin ba ya fita sai an ga malamin a cikin aji. A wurinmu, inda bin bashin wanda ya karya yarjejeniya yake da wuya, kuma ɗan wane ba ya rasa mai roƙa masa afuwa, wannan hanya ta fi dacewa da mu. Kano ma ta taɓa nuna abin da kulawa ta musamman ke haifarwa, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Amma waɗannan sun tara zaɓaɓɓun ɗalibai ne a wuri guda, alhali makarantar da ka riƙe tana buƙatar a kai mata malamin har gida.

Babban abin da nake so a lura da shi shi ne yarjejeniyar ta hau kan ɓangarori biyu. A Amurka mai tallafi ba ya fargabar rasa aiki, domin gundumomi ne ke farautar malaman lissafi, albashi kuma yana zuwa a ranarsa. A nan kuwa gwamnati ce kusan kaɗai mai ɗaukar malami a karkara, don haka ba adalci ba ne a sa yaro ya rattaba hannu cewa zai koyar shekara huɗu alhali ita ba ta rattaba hannu cewa za ta ɗauke shi ba. Takardar ta ƙunshi ranar biyan alawus, da sunan ƙaramar hukumar da zai yi aiki, da wurin kwana idan garin ba nasu ba ne, da kayan gwaji ko da 'yan kaɗan ne, da tanadin tsaro a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, sannan a rubuta ƙarara cewa idan wata shida suka wuce bayan ya gama bautar ƙasa ba a ba shi takardar kama aiki ba, alkawarin ya sauka daga kansa. Irinku da kuka riƙe makarantu kuka yi ritaya ku ne kuka fi cancantar a damƙa wa bibiyar waɗannan sabbin malamai a shekara biyun farko, kuma ina ganin ƙungiyarku ta tsofaffin shugabannin makarantu za ta iya rubuta wannan shawara ta kai wa kwamitin ilimi na majalisar jiha kafin a fara zaman kasafin kuɗi na baɗi.